Darasi na 12: Tsofaffinmu a lokacin annoba

Duk wanda ya tashi a Galma Kudawace, ko a ƙauyukan Madawa da Buza da Keita, ya san inda tsohuwa take kwana. Ɗakinta yana cikin gidan ɗanta, jikoki biyu ko uku suna kwance a gefen tabarmarta, kuma da asuba kafin kowa ya fita sai ya leƙa ya gaishe ta. Tsoho kuwa yana zaure ko a gindin bedi, mai wucewa ya durƙusa ya ba shi hannu. Haka muka gada, kuma addini ya ƙarfafa shi, domin a cikin Suratul Isra'i an haɗa umarnin kyautata wa iyaye da umarnin bauta wa Allah, an kuma ambaci lokacin tsufansu musamman.

A wannan darasi za mu duba abin da ya sami tsofaffi a duniya lokacin annobar korona, waɗanda ke gidajen gajiyayyu da waɗanda ke hannun iyalinsu. Za mu yi ɗan lissafi. Daga nan mu dawo gida mu auna halin da tsofaffinmu za su shiga idan wata annoba ta sake ɓullowa.

Mene ne gidan gajiyayyu?

A Turai da Amurka da Kanada akwai manyan gidaje da ake tara tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare, ma'aikata suna yi musu wanka, suna ba su abinci da magani dare da rana. A Faransa ana kiran irin waɗannan gidaje EHPAD. Mutum ɗari ko fiye suna iya zama a gini guda, suna cin abinci a ɗaki guda. Idan mutumin karkararmu ya ji haka, abin da ke fara zuwa masa shi ne ai waɗannan mutane sun yar da iyayensu. Kada mu yi saurin yanke hukunci. A can mace takan haifi ɗa ɗaya ko biyu, su ma aiki ya kai su wani gari mai nisa, ga shi mutane suna kaiwa shekara 85 ko 90. Tsohon da gigin tsufa ya kama, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, yana bukatar mai tsaya masa ko da tsakar dare, kuma ɗiya guda mai zuwa aiki ba za ta iya ba. A ƙasar Hausa ma akwai irin wannan gida nan da can, kamar gidan gajiyayyu na Shahuci a birnin Kano, sai dai galibi wanda ba shi da kowa ne ake kaiwa.

Abin da ya faru a 2020

Cutar korona ta ɓullo a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ta zama annobar da ta game duniya. Tun kafin wannan rana cutar ta shiga wani gidan gajiyayyu a garin Kirkland na jihar Washington a Amurka, inda fiye da mutum 30 suka rasu cikin ƴan makonni. A Sifen, a watan Maris ɗin, sojojin da aka tura yin feshin magani sun tarar da wasu tsofaffi sun mutu a kan gadajensu babu kowa a kansu. Ranar 23 ga Afrilu shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya mai kula da Turai, Hans Kluge, ya ce kusan rabin waɗanda cutar ta kashe a wasu ƙasashen nahiyar mazauna irin waɗannan gidaje ne. A Kanada abin ya fi muni: a zagayen farko na annobar, kimanin kashi 80 cikin 100 na mamatan daga gidajen kula da tsofaffi da gajiyayyu suka fito.

Me ya jawo haka? Ƙwayar korona a numfashi take tafiya. Mai ɗauke da ita yana fitar da ita idan ya yi tari ko atishawa, ko ma idan yana magana kawai, kuma a ɗakin da iska ba ta ratsawa takan daɗe tana yawo. Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne mutum yana iya harbin wani kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji alamar ciwo. To ka tara mutum ɗari marasa ƙarfi a gini guda, tagogi a rufe saboda sanyi, ma'aikaciya guda tana fita wannan ɗaki tana shiga wancan har ɗaki goma kafin azahar. Da yawa cikin ma'aikatan nan albashinsu kaɗan ne, don haka suna aiki a gida biyu ko uku, kuma idan suka ji mura ba sa iya zama a gida don kada su rasa kuɗin ranar. A farkon annobar ko takunkumin rufe baki da hanci bai wadace su ba. Tsohon da ke kwance ba ya zuwa kasuwa, ba ya zuwa taro. Cuta tana iske shi ne a bakin wanda ya shigo masa ɗaki. Ku riƙe wannan magana da kyau, don ita ce ginshiƙin darasinmu.

Mu yi lissafi

A watan Fabrairu 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar Sin ta fitar da alƙaluman mutum 44,672 da gwaji ya tabbatar sun kamu. A cikin masu shekara 10 zuwa 39, kashi 0.2 cikin 100 ne suka rasu. A cikin masu 60 zuwa 69, kashi 3.6. Masu 70 zuwa 79, kashi 8. Masu 80 zuwa sama, kashi 14.8.

Mu sauƙaƙa shi. Idan matasa 1,000 suka kamu, mutum 2 za su rasu. Idan tsofaffi 1,000 masu shekara 80 suka kamu, 148 za su rasu. Raba 148 gida 2, za ka sami 74. Ke nan cutar da saurayi zai ɗauka mura ce ya ci gaba da aikin albasarsa, haɗarinta ga kakarsa ya ninka nasa sau 74. Waɗannan alƙaluma na farkon annoba ne, kafin a sami rigakafi, amma tsarin da suka nuna bai canza ba a ko'ina: haɗari yana hawa tare da shekaru. Dalili kuwa garkuwar jiki tana rauni da tsufa, huhu da zuciya sun gaji, sau da yawa kuma akwai hawan jini ko ciwon sukari ko tsohon tari a ƙasa.

Shin wanda ke gida ya tsira?

Da jin labarin Turai mutum zai iya cewa mu dai alhamdu lillahi, tsofaffinmu suna tare da mu. Godiya ga Allah wajibi ce, amma mu dubi Kano. A watan Afrilu 2020 masu haƙar kabari a birnin suka fara cewa gawarwakin da ake kawowa sun fi na kullum yawa nesa ba kusa ba. A watan Yuni ministan lafiya na Nijeriya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon bincike: an ƙirga mamata 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, akasarinsu sun haura shekara 65, kuma ana zaton kashi 50 zuwa 60 cikin 100 korona ce sanadinsu. Waɗannan dattawa ba a gidan gajiyayyu suke ba. Cikin iyalinsu suke, ƴaƴa da jikoki kewaye da su, ana zuwa dubiya, ana zuwa jana'iza, ana zaman makoki kafaɗa da kafaɗa.

A Nijar an tabbatar da mutum na farko a Yamai ranar 19 ga Maris 2020. Gwamnatin shugaba Mahamadou Issoufou ta kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya, ta rufe iyakoki da makarantu, ta killace Yamai. An rufe masallatai, ba a sake buɗe su ba sai 13 ga Mayu, ana tsakiyar azumi. Waɗanda hukuma ta ƙirga cutar ta kashe a ƙasar nan ɗari uku ne da ɗoriya, adadi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da Turai. Babban dalili shi ne mu ƙasar yara ce: kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, masu shekara 65 zuwa sama kuwa ba su kai 3 cikin 100 ba, alhali a Italiya sun haura 20 cikin 100. Zamanmu a waje, a tsakar gida da gona da rumfa, shi ma ya taimaka. Sai dai a ƙauye idan tsoho ya kwana uku yana tari ya rasu da safe, kafin azahar an rufe shi, babu gwaji babu takarda, sai a ce tsufa ne. Irin wannan mutuwa ba ta shiga lissafin kowa.

Idan aka ɗora biyun a sikeli, ga abin da nake gani. Gidan gajiyayyu yana da ma'aikacin jinya kusa da magani a kan lokaci, amma idan cuta ta shiga takan share mutane da yawa a tashi ɗaya. A gida tsoho ɗaya ne ko biyu, akwai iska, akwai masoya, amma ƙofarsa a buɗe take ga kowa, likita kuma yana da nisa. A yanayinmu zaman gida ya fi wa tsoho, ba ni da shakka a kan haka. Amma ya fi ne da sharaɗi: a san mai shiga ɗakinsa, a san kuma daga ina ya fito.

Ɗan ci-rani ya dawo

Jihar Tawa ta shahara da ci-rani. Da an kai amfanin gona rumbu, samarin Galma da Buza da Keita sai su kama hanyar Abijan ko Legas ko Libiya ko Aljeriya, ba za a sake ganinsu ba sai gab da damina. Mai dawowa ya kwana biyu ko uku a cikin mota cike da mutane, ya kwana a tasha, ya sha ruwa a kofi guda da wanda bai sani ba. Da ya ajiye jaka, ɗakin farko da zai nufa na mahaifiyarsa ne. Babu wanda zai ga laifinsa. Amma a lokacin annoba wannan ita ce hanya mafi kusa da cuta za ta bi daga bakin teku zuwa tabarmar tsohuwa.

Mu ɗauki misali. Ana cikin annoba, wani ya dawo daga Abijan, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama.

"Inna, na same ku lafiya? Ina gajiya?"

"Lafiya lau. Kai yaro, shigo mana, me ka tsaya yi a waje kamar baƙo?"

"Inna, ki yi mini haƙuri. Motar da ta kawo mu akwai masu tari a ciki. Ki fito inuwa a shimfiɗa miki tabarma, ni kuma in zauna daga nan mu yi hira har dare. In na yi kwanakin da likita ya ce ban ji komai ba, ni da kaina zan riƙa kawo miki fura."

"To, Allah ya yi maka albarka. Ka sha hanya."

Ku lura bai guje ta ba, bai kuma ɓoye mata dalili ba. Ya gan ta, ta gan shi, tsarabarta ta iso hannunta. A zamanin korona kwana 14 aka ƙayyade da farko, saboda cutar tana iya ɓoyewa a jiki har tsawon haka. Wata annobar za ta zo da nata adadin, ma'aikatan lafiya za su faɗa a rediyo. Wanda yake ganin wannan rashin tawakkali ne, ya tuna Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham da sahabbai, da ya sami labarin annoba ta ɓarke a can sai ya juya da su zuwa Madina.

Cikin gida

Ɗakunanmu na laka suna da ƙaramar taga, wani lokaci an toshe ta da tsumma. Da sanyin hunturu ya kama sai a rufe ƙofa, a kai wa tsohuwa kaskon wuta, jikoki su cika ɗakin don ɗumi. A lokacin da babu annoba ma hayaƙin nan yana wahalar da ƙirjinta. Idan annobar numfashi ta zo, a buɗe tagar, a ƙara mata bargo, a rage masu kwana da ita. Yaron da ke zuwa makaranta ko tallar kasuwa, ko wanda hanci ke yi wa yoyo, ya koma ɗakin uwarsa na ɗan lokaci. Yara sukan ɗauki irin wannan cuta su warke ba a ma san sun yi ba, kaka ce take kwanciya.

A zaɓi mutum ɗaya mai lafiya wanda ba ya yawan fita, ya zama shi ne mai shiga da fita, a kuma sami na biyu da zai karɓe shi in ya gaji ko ya ji ciwo. Ya wanke hannu da ruwa da sabulu kafin ya taɓa abincinta. A ware wa tsoho kwanonsa da ludayinsa da butarsa. Masu zuwa gaisuwa da dubiya a tarbe su a tsakar gida, su zauna nesa kamar taku biyu, a bar musafaha. Zaman makoki da suna da biki, a nema wa dattijo uzuri, ɗansa ya wakilce shi. Na san wannan yana da nauyi, domin dattijon da ba a gani wajen gaisuwar mutuwa ba sai an yi maganarsa. Liman da maigari su ne za su sauke wannan nauyi idan suka faɗa a fili cewa wanda ya tsufa an yafe masa.

Akwai wani abu da iyali da yawa ba su sani ba. Tsoho yana iya kamuwa da ciwo mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. Alamar sai ta fito ta wata fuska: ya daina cin abinci, ya faɗi a hanyar bayan gida, ya yi ta barci, ko ya fara maganar da ba kai. Mukan ce gigin tsufa ne ya motsa, alhali ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu galibi ciwo ne a jiki. Idan ka ga haka, ko numfashinsa yana sama-sama, ko yana kukan ƙirji, ko ya kasa shan ruwa, kada a jira gobe. A kai shi likita mafi kusa, su kuma in abin ya fi ƙarfinsu su tura shi asibitin gunduma na Madawa, ko Galmi, ko Tawa. Tun ana lafiya ya kamata gida ya san mai babur ko mai motar da zai kira da dare, a kuma ajiye ƴan jikkuna na wannan rana. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari kada maganinsa ya yanke saboda tsoron zuwa likita.

Idan rigakafi ya zo, tsofaffi ne a gaba. A Ingila wata mai shekara 90, Margaret Keenan, ita ce aka fara yi wa allurar ranar 8 ga Disamba 2020, kuma a ƙasashen da aka fara da gidajen gajiyayyu mace-macen cikinsu ya ragu sosai cikin ƴan watanni. A Nijar an fara allurar a ƙarshen Maris 2021, amma jita-jita ta hana mutane da yawa fitowa. Tsohuwa ba za ta taka zuwa wurin allura ita kaɗai ba, sai ɗanta ya yarda ya kai ta.

Kaɗaici ma ciwo ne

Da cutar ta tsananta a Faransa, an hana iyali shiga gidajen gajiyayyu tun daga Maris 2020, aka bar tsofaffi kowa a ɗakinsa. Likitoci suka fara ganin waɗanda korona ba ta taɓa ba suna ƙin abinci, suna daina magana, suna ramewa har wasu su mutu. Kafin ƙarshen Afrilu dole aka sake ba da damar ziyara bisa sharuɗɗa. Wannan ya isa ya zama gargaɗi gare mu. Kare tsoho daga annoba ba ya nufin a rufe shi a ɗaki ana tura masa tuwo ta ƙofa. A fito da shi hantsi da yamma, a zauna a inuwa ana hira, jikoki su yi wasa inda idonsa zai gan su, a kunna masa rediyo, a kira masa ɗansa na ci-rani a waya ya ji muryarsa, a ci gaba da neman shawararsa a kan gona da aure.

Wa ke ɗauke da nauyin?

Idan muka ce iyali ne ke kula da tsoho, a gaskiya mace guda muke nufi: matar ɗa, ko ɗiya, ko jikanya da aka cire daga makaranta. Mutanen Keita sun san haka tun zamanin aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984 da tallafin Italiya, inda mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da dashen itatuwa saboda maza suna ci-rani. Matar nan ita ce mai daka, mai ɗebo ruwa, mai zuwa kasuwa, ita ce kuma mai juya surukarta a kan shimfiɗa. Kamar ma'aikaciyar nan ta Turai ce mai aiki a gida uku: yawan inda take shiga shi ne yawan haɗarin da take kawowa ba da sonta ba. Wanda yake son lafiyar mahaifiyarsa ya rage wa matarsa fita, ya sa wani ya yi cefane da ɗibar ruwa, ya aiko da kuɗin sabulu a kan kari. Akwai kuma tsofaffin da ƴaƴansu duka suka tafi ko suka rasu. Su ne suka fi kowa shiga haɗari, kuma hakkinsu yana kan unguwa baki ɗaya.

Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar gaggawa a kan korona. Amma mu nan ba baƙin annoba ba ne. An yi sanƙarau mai tsanani a 2015, an yi amai da gudawa a 2021 wadda ta taɓa jihohin Tawa da Maradi da Damagaram. Amai da gudawa ta ruwa da abinci take bi, don haka tsaronta shi ne tsabtataccen ruwan sha da wanke hannu, kuma tsoho ruwan jikinsa yana ƙarewa da sauri, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a hanyar likita.

Tambayoyi da aiki

Ku tattauna a aji: ta wace hanya cuta ta shiga gidajen gajiyayyu na Turai, kuma wace hanya ce makamanciyarta a gidajenmu? Yaya za ka shaida wa mahaifinka kada ya je zaman makoki ba tare da ka ɓata masa rai ba? Sannan ku yi wannan lissafi a littafinku: idan kashi 8 cikin 100 na masu shekara 70 zuwa 79 ne ke rasuwa, mutum nawa ke nan a cikin 500?

Aikin gida kuma shi ne wannan. Gobe daga asuba zuwa isha'i, ka ja layi ɗaya a takarda duk lokacin da wani ya shiga ɗakin tsohon gidanku, ka rubuta inda ya fito. Ka kuma rubuta sunayen tsofaffin unguwarku da ba su da mai kwana kusa da su. Ku zo da takardun nan darasi mai zuwa, za mu haɗa su mu kai wa maigari da ma'aikacin lafiya na garinmu.